A bar baƙo ya tsufa cikin iyalinsa

A shekarar 1847, lokacin da yunwa ta kai maƙura a Ireland, wani saurayi ɗan shekara 20 mai suna William Ford ya bar ƙauyensu na Ballinascarthy a yankin Cork, ya hau jirgin ruwa tare da iyayensa da 'yan'uwansa. Manoma ne masu noma gonar haya, irin waɗanda idan shekara ta ƙi ba su da abin kamawa. Shekara biyu ke nan wata cuta tana ruɓar da dankalin Turawa tun yana cikin ƙasa, shi ne kuwa abincin talaka safe da dare. Kafin masifar ta lafa, mutum kusan miliyan ɗaya sun mutu, fiye da miliyan ɗaya sun tsere. Jiragen da suka kwashe su a waccan shekara cike suke da masu zazzaɓi. A tsibirin Grosse Île kaɗai, inda ake killace masu shiga Kanada, an binne mutum fiye da 5,000. Mahaifiyar William tana cikin waɗanda ba su kai ba, a hanya ta rasu.

Sauran suka nausa har Dearborn a jihar Michigan ta Amurka. Ba da ka suka zaɓi wurin ba. 'Yan'uwan mahaifinsa sun riga su zuwa tun 1832, sun sare daji sun yi gona, don haka akwai gidan da za su yi sallama a amsa musu. William ya yi aikin kafinta, ya yi aikin layin dogo, ya yi ƙodago a gonar wani mutumin Cork mai suna Patrick O'Hern, har ya auri 'yar riƙonsa Mary a 1861. Ya tara abin da ya tara, ya sayi ƙasa, aka haifa masa yara. A 1876 Mary ta rasu bayan haihuwa, ta bar shi da ƙanana, babbansu bai cika shekara 13 ba. Ya riƙe su a gonar nan. Da babban ya ƙi noma ya tafi Detroit koyon aikin injuna, uban bai sallama shi ba. Daga baya ma fili mai itatuwa ya ba shi, ko zai dawo kusa da gida ya yi aure ya zauna. William ya rasu a watan Maris na 1905 yana da shekara 78, kusan shekara 58 bayan saukarsa ƙasar.

Babban ɗan nan shi ne Henry Ford mai kamfanin mota. Na san da jin wannan suna hankali zai koma kan ɗan, ni kuwa uban nake so a duba. Bai ma ga motar Model T ba, wadda ta fito a 1908 ta sa sunan gidansu ya game duniya. Da Henry ya ƙare a manomi, rayuwar William ba za ta ragu da komai ba. Mutum ne da ya zo ƙasar da ba tasa ba hannu rabbana, aka bar shi ya yi aiki, ya yi aure, ya mallaki gida, ya tsufa 'ya'yansa suna kusa da shi. Irinsa ba su ƙirguwa. Har gobe jaridun Boston da Chicago da New York suna buga sanarwar rasuwar irin waɗannan dattawa: an haife shi a Mayo ko Kerry a Ireland, ya zo yana saurayi, ya yi aikin gini ko tuƙin bas har ya yi ritaya, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Sai a jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, jerin ya fi tarihin aikinsa tsawo.

Akan yaba wa irin wannan mutum da cewa ya riƙe iyali, kuma ya cancanci yabon. Amma kafin mutum ya riƙe iyali sai an bar shi ya zauna da su. Ƙasar da ta karɓi ƙarfin William ta karɓe shi da uban da ya haife shi da ƙannensa, ba ta ce ya ajiye su a bakin teku ba. A yau ƙasashe masu arziki, har da Ireland ɗin kanta, suna ta tsara dokokin da za su ɗauki ƙarfin baƙo su bar matarsa da 'ya'yansa a baya. Ni a ganina wannan zalunci ne, kuma tarihin mutanen Ireland ya isa hujja a kai, domin sun ɗanɗana hanyoyin biyu.

Yadda suka cika Amurka ba wani sirri ba ne, ɗaya ke jan ɗaya. Sau da yawa ma 'ya mace ce ke fara tafiya, ta yi aikatau a gidan masu hali, ta ƙuntata wa kanta ta tara, ta aiko wa ƙaninta tikitin jirgi, shi kuma ya aiko wa na bayansa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1848 da 1900 baƙi sun aika kimanin dala miliyan 260 daga Arewacin Amurka zuwa Birtaniya da Ireland, mafi yawa Ireland ya nufa, kaso mai tsoka kuma tikitin jirgi ne da aka riga aka biya. A 1850 suka kafa bankin ajiyarsu a New York, Emigrant Savings Bank. Da yake da yawansu ba su iya sa hannu ba, banki yakan rubuta ƙauyen mutum, da sunan jirgin da ya kawo shi, da sunayen iyayensa da 'yan'uwansa, don a tambaye shi ranar da ya zo cirar kuɗi. Wato dangi ne shaidar mutum. Littattafan suna nan, kuma masu bincike da suka bi su sun tarar da leburori da masu wanki da yawa sun tara fiye da yadda kowa yake zato.

Ranar 1 ga Janairun 1892 aka buɗe tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis a New York. Wadda aka fara rubutawa a rajista yarinya ce 'yar shekara 17 daga Cork, Annie Moore, tana riƙe da ƙannenta maza biyu. Iyayensu sun riga su zuwa, su kuma suka biyo baya. Yau akwai mutum-mutuminta a tsibirin, akwai wani a tashar jiragen ruwa ta Cobh inda ta taso. Amurka tana alfahari da ita, alhali abin da ya kawo ta shi ne abin da wasu 'yan siyasar ƙasar ke kuka da shi a yanzu, cewa baƙo ɗaya yana janyo danginsa kaf.

Kada a ɗauka da tafi aka tarbe su. William Ford ɗan Furotesta ne, hakan ya rage masa wahala, amma akasarin baƙin 'yan Katolika ne matalauta, kuma an tsane su ƙwarai. A 1834 aka ƙone wani gidan mata masu hidimar coci a Charlestown kusa da Boston. A 1844 aka yi tarzoma a Philadelphia, aka ƙone coci-coci, aka kashe mutane. A shekarun 1850 jam'iyyar da ake kira Know Nothing ta ci zaɓe a wurare da dama kan alkawarin taka wa baƙi birki, jihar Massachusetts kuma ta riƙa tasa ƙeyar matalautan Ireland tana mayar da su inda suka fito. Zargin da aka yi musu duk mun san shi, domin shi ake yi wa baƙin yau: suna haihuwa da yawa, suna kawo cuta, suna karya farashin aiki, addininsu ba zai bari su yi wa ƙasa biyayya ba. A 1960 tattaɓa-kunnen waɗannan baƙi, John F. Kennedy, ya ci zaɓen shugaban ƙasa. A yau fiye da Amurkawa miliyan 30 suna danganta kansu da Ireland. Da an yanke musu hukunci bisa shekara goman farko, da an ce kaya ne a wuyan ƙasa.

Hanya ta biyu tana Ingila, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Tsakanin 1951 da 1961 fiye da mutum 400,000 suka bar Jamhuriyar Ireland, ƙasar da a ƙidayar 1961 mutanenta miliyan 2.8 ne kacal. Akasarinsu Birtaniya suka nufa: jirgin ruwa daga Dún Laoghaire zuwa Holyhead, jirgin ƙasa zuwa tashar Euston a Landan. Birtaniya tana sake gina kanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tana neman masu majiya ƙarfi. Su suka haƙa ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka shimfiɗa manyan hanyoyi, suka gina tashoshin wutar lantarki, a ƙarƙashin 'yan kwangila irin su McAlpine da Wimpey da Murphy. Matan kuma suka cika asibitoci da aikin jinya. Da yawa sun haɗu a gidajen rawa na unguwannin Kilburn da Cricklewood a Landan, sun yi aure, sun sayi gidaje a Luton da Coventry da Birmingham, sun tsufa yadda William ya tsufa.

Wasu kuwa ba su samu haka ba. Tun duhun asuba mutum zai tsaya a bakin titi a Camden Town ko Cricklewood yana jiran motar ɗan kwangila. Heluma ya duba ya zaɓi waɗanda ya ga suna da ƙarfi, sauran su koma. Biya a hannu ne, babu takarda, babu kuɗin inshora ko na fansho da ake zuba wa mutum. Idan caki aka ba shi, a mashaya ake canza masa, kuma mai mashaya ba ya canzawa don Allah. Ɗakin haya gado ne kawai, wani wurin ma maza da yawa a ɗaki ɗaya, uwar gidan haya ba ta son ganin kowa kafin lokacin kwanciya. Ga sanyi, ga kaɗaici, wuri ɗaya mai ɗumi inda zai ji harshen garinsu shi ne mashayar nan. Aiki ya ƙare a wannan gari, ya ɗauki jakarsa ya bi wani. Duk da haka mutane da yawa a cikinsu ba su fasa aika kuɗi gida ba, mako bayan mako. Da kuɗinsu aka yi rufin gidaje, aka sayi shanu, aka yi wa ƙanne karatu. Kullum cewa suke baɗi za su koma. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, su ma haka suka ɗauki kansu, har raɓar ta shekara 40.

Sai baya ya ƙage, gwiwa ta ƙi, heluma ya daina nuna mutum. Babu mata, babu ɗa, babu fansho. Iyaye sun rasu, gona ta zama ta ɗan'uwan da ya zauna, kunyar komawa hannu wofi ta hana tafiya. A Camden akwai wani katafaren gidan kwanan gwauraye, Arlington House, da aka buɗe a 1905 da gadaje fiye da 1,000. Shekara da shekaru tsofaffin leburorin Ireland suna cikin waɗanda suka fi yawa a ciki. A 1994 wasu ma'aikatan gidan suka kafa ƙungiyar Aisling, aikinta shi ne ta ɗauki irin waɗannan dattawa ta kai su Ireland hutu na 'yan kwanaki, wasu rabonsu da ƙasar shekaru da dama. A tsaya a yi tunani: tsakanin Landan da Dublin tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce a jirgin sama, amma sai da aka kafa ƙungiya kafin mutum ya iya taka ƙasar haihuwarsa. Binciken lafiya a Ingila ya nuna 'yan Ireland mazauna can suna mutuwa da wuri fiye da 'yan ƙasa, abin har ya taɓa 'ya'yansu, alhali a al'ada baƙi sun fi 'yan gida ƙoshin lafiya tun da masu ƙarfi ne ke iya tafiya. Gwamnatin Ireland, wadda tattalin arzikinta ya jingina da kuɗin mutanen nan, sai a 1984 ta fara ware musu ɗan tallafi ta hannun ƙungiyoyin agaji, sai a 2004 ta kafa cikakken shirin tallafa wa 'yan ƙasarta na waje. Da yawa ba su kai lokacin ba.

Ga abin lura a nan. Babu dokar da ta hana waɗannan mutane aure ko kawo iyali. Ɗan Ireland yana shiga Birtaniya ba biza, yana zama, yana aiki, har yana zaɓe. Yanayin aikin ne kawai, da rashin muhalli, da ƙyamar masu ba da haya, suka raba su da zaman iyali, kuma ga abin da hakan ya haifar. To ina ga idan hukuma ce da kanta ta rubuta rabuwar a takarda ta buga hatimi?

Abin da ake yi ke nan yanzu. Daga 1 ga Janairun 2024 Birtaniya ta hana akasarin ɗaliban waje zuwa da iyalansu, kuma 'yan Najeriya ne suka fi kowa jin wannan a jika, domin su ne kan gaba wajen zuwa da mata da yara. Daga 11 ga Maris na shekarar aka hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya kawo miji ko mata ko ɗa. Bayan wata guda, kuɗin shigar da ake buƙata kafin mazaunin ƙasar ya kawo matarsa daga waje ya tashi daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara. Wato matar da za ta yini tana wanke mahaifiyar wani, tana ba ta abinci a baki, tana juya ta a gado, ita ba ta da ikon kwana ɗaki ɗaya da ɗanta. A Saudiyya, inda mutanenmu suka fi sani, an sa wa baƙi haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu tun watan Yulin 2017, daga riyal 100 a wata har ya kai 400, iyalai da yawa suka tattara suka koma gida suka bar maigida shi kaɗai. Ƙaramin ma'aikaci kuwa, direba ko mai shara ko 'yar aikin gida, tun asali ba ya cikin lissafin masu kawo iyali. Afirka ta Kudu ta gwada wannan tsari har ƙarshensa a zamanin wariyar launin fata: maza a gidajen kwanan ma'adinai wata goma sha ɗaya, mata da yara a karkara. Har yau ƙasar ba ta gama biyan bashin abin da hakan ya yi wa gidajen mutane ba.

Ireland ma ta raba ma'aikatan waje gida biyu. Wanda ya zo da takardar aikin ƙwararru, kamar injiniyan kwamfuta, yana iya zuwa da iyalinsa nan take. Wanda ya zo da takardar aiki ta gama-gari, kamar mai yankan nama a masana'anta, ko mai kula da tsofaffi, ko mai dafa abinci, sai ya shekara guda kafin ma ya nemi izini, sannan ya nuna yana samun kuɗin da sau da yawa albashin aikin da aka kawo shi yi bai kai ba, sannan ya jira a duba takardunsa. Ma'anar wannan a fili take: kewar ɗa hakkin mai babban albashi ce.

Masu goyon bayan waɗannan dokoki suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Matsalar gidaje a Ireland gaskiya ce. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 gine-gine suka tsaya cik, mutane kuma suka ci gaba da ƙaruwa, har ƙidayar 2022 ta nuna sun haura miliyan 5. A watan Nuwamban 2024 waɗanda ke kwana a masaukin gaggawa na marasa gida sun wuce 15,000. Matashin Dublin da ya kai shekara 30 yana kwana a ɗakin yarintarsa yana da dalilin fushi, ba na raina shi. Amma gwamnatin da ta buga takardar izinin aiki ta san tana buƙatar mutumin. Idan ta ce tana da gurbin aikinsa amma ba ta da gurbin 'ya'yansa, ba ta kawar da tsadar ba, ta dai ɗora ta a kan wani yaro da ke Manila ko Kerala ko Legas, wanda ba ya zaɓe a Ireland. Kuma matar da ta biyo mijinta ba zaman banza take zuwa yi ba. Ireland da kanta ta gane haka a 2024, da ta ba mata da mazajen masu takardar gama-gari damar yin aiki. An yi daidai a nan, saura a bar su su iso.

Ana kuma cewa an yi ta maguɗi da bizar kula da tsofaffi a Birtaniya, dillalai suna sayar da guraben aikin da babu su. Haka ne, an yi, kuma waɗanda aka fi cuta su ne baƙin da suka sayar da filaye suka biya. Maganin wannan shi ne a kama dillalin, a ƙwace lasisin kamfanin. Raba uwa da ɗanta bai taɓa hukunta dillali ko ɗaya ba.

Hujjar da ta fi yi mini nauyi daga ɓangarenmu take fitowa. Idan mutum ya tafi da iyalinsa, ya tafi ke nan. Kuɗin da yake aikowa zai ragu, jikokinsa ba za su ji harshen kakanninsu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ireland ta ga haka da idonta, ƙauyuka suka zama kufai, har ya zama al'ada a yi wa mai tafiya Amurka zaman dare irin na makoki, don an san ba za a sake ganinsa ba. Likitan da ya bar Kano ko Zariya da matarsa da 'ya'yansa wuya ne ya dawo. Wannan rashi ne na gaske, ba na musu. Sai dai ba zan iya yarda a riƙe mata da yara a matsayin jingina don maigida ya ci gaba da aiko kuɗi ba. Ƙasar da ke son 'ya'yanta su dawo ta gyara abin da ya kore su. Ireland ba ta ga dawowar nata da yawa ba sai a shekarun 1970 da na 1990, lokutan da ayyuka suka samu.

Ba kuma ina cewa zaman iyali aljanna ce ba. Annie Moore ɗin nan ta rayu cikin talauci a unguwar baƙi ta New York, ta haifi 'ya'ya aƙalla goma, kusan rabinsu suka mutu suna ƙanana, ita ma ta rasu a 1924 tana da shekara 50. Kabarinta ko alama babu, sai a 2006 masu bincike suka gano shi. Bayan kowane dattijo da jarida ta yaba da riƙon iyali akwai macen da ta ɗauki rabin kayan ko fiye, kuma akwai gidajen da giya da duka suka mayar kurkuku. Duk da haka, idan aka ɗora wannan a ma'auni ɗaya da gadon Arlington House, na san wanda akasarin mutanen nan za su zaɓa da an ba su zaɓi.

Mu Musulmi ba baƙin wannan magana ba ne. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya sa wa mayaƙa iyaka ta wata huɗu zuwa shida su dawo gida. Mayaƙa ke nan, a bakin daga. Shugaba ya ɗauki kewar mace a matsayin al'amarin mulki, bai ce matsalar cikin gida ce ba. Wannan ma'auni yana kan gwamnatoci, yana kuma kan mazajenmu. Akwai wanda doka ta hana shi ɗaukar iyalinsa, akwai kuma wanda babu abin da ya hana shi sai son ransa, ya shekara biyar a Kurmi ko Libiya ko Jidda, ya bar yarinya ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, yana ganin tun da yana turo kuɗin cefane ya sauke nauyi. Bai sauke ba. Leburorin Camden ma suna turo kuɗi.

Na fi matsa wa Ireland a wannan rubutu domin ita ce ba ta da uzurin rashin sani. Ƙasa ce da shugabarta Mary Robinson ta kunna fitila a tagar fadarta a 1990 don tunawa da 'ya'yanta da ke warwatse a duniya. Ireland ɗin ce kuma a watan Yunin 2004 ta yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 79 cikin ɗari suka amince a daina ba duk jaririn da aka haifa a ƙasar zama ɗan ƙasa kai tsaye, bayan muhawarar da aka yi ta nuna matan Afirka masu ciki da yatsa. Bayan shekara uku garin Portlaoise ya naɗa Rotimi Adebari magajin gari, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a ƙasar, mutumin da ya zo daga Najeriya a 2000 da matarsa da 'ya'yansa. Da shi kaɗai aka bari ya shigo, yana kwana a ɗakin haya yana ƙirga ranar komawa, da wuya ya san hanyar majalisar gari. A daren 23 ga Nuwamban 2023 masu ƙyamar baƙi suka ƙone motocin bas da jirgin cikin gari a Dublin bayan an daɓa wa yara wuƙa a ƙofar wata makaranta, alhali cikin waɗanda suka tare maharin har da wani ɗan Brazil mai kai abinci a babur.

Duk watan Maris, lokacin bikin Saint Patrick, babbar ranar ƙasar Ireland, firaministan Ireland yakan je Fadar White House, kuma shekara da shekaru gwamnatocin ƙasar suna roƙon Amurka ta sassauta wa 'yan Ireland da ke zaune can ba takardu. Hujjar da suke kawowa ita ce mutanen nan suna aiki, suna biyan haraji, amma ba sa iya zuwa jana'izar iyayensu don in sun fita ba za su iya komawa ba. Hujja ce mai kyau, ina goyon bayanta. Ita ce kuma hujjar mai yankan nama ɗan Brazil da mai kula da tsofaffi 'yar Najeriya da ke Cork a yau. Gyaran da ake nema ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki: a soke jiran shekara guda ga masu takardar gama-gari, a sa wa'adin da dole hukuma ta amsa takardar neman kawo iyali a cikinsa, kuma kada kuɗin shigar da ake nema ya wuce albashin da gwamnati da kanta ta amince a biya a aikin da ta kawo mutum ya yi.